Ƙarƙashin Kujerar Mai Unguwa

Jumai matar marigayi Obadiya ta yanka farin yadin tun kafin takarda ta zo hannu, kuma duk wanda ya san ta a Tudun Wada bai yi mamaki ba. Shekara ashirin da biyu ke nan tana ɗinka wa 'ya'yan mutane kayan makaranta a ɗan shagonta na gefen kasuwa, shuɗi da kore da ruwan toka, har ta kai idan yarinya ta gifta takan faɗi makarantarsu daga launin hijabinta ko siket ɗinta. Yanzu kuwa layi ya zo kan tata. Sunan 'yarta Miriam ya fito a makarantar koyon aikin ungozoma, cikin gurbin 'yan jiha, an ce ta zo tantancewa ranar Juma'a da ƙarfe tara. Abu ɗaya ya rage, takardar shaidar asali, wadda kowa ke kira indijin. In babu ita ranar Juma'a, sai a ba wadda ke biye da ita gurbin, shi ke nan.

Jumai ta san takardar nan, sani ba na wasa ba. Ita ma a zamaninta ta ci jarrabawar shiga sakandaren 'yan mata ta kwana, aka ce babanta ya kawo indijin. Ya yi ta zarya, wannan ofis ya tura shi wancan, har zango ya fara aka cike gadaje, ita kuma aka zaunar da ita gaban keken ɗinki. Ba ta taɓa daina jin zafin abin ba. Shi ya sa ranar Litinin da magatakardan ƙaramar hukuma ya leƙa fom ɗin Miriam ya ce sai an kawo wasiƙa daga mai unguwar inda aka haifi uban yarinya, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, gobe za ka gan mu."

Da a ce tsohon mai unguwa Alhaji Nagoda na raye, da sauƙin ne kuwa. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da gidan Malam Sabo, uban Obadiya. Malam Sabo Bahaushe ne Kirista, ya yi karatu a Wusasa, ya yi aikin ɗakin shan magani har ya tsufa, kuma babu bikin da za a yi a ɗayan gidajen nan biyu ba a miƙa kwano ta kan katanga ba. Da Obadiya ya rasu, Miriam na shekara huɗu, 'yan'uwansa suka sayar wa Alhaji Nagoda gidan, ya fasa katanga ya haɗe da nasa. Jumai ta kwashe kayanta ta koma haya a wani layi can wajen coci, ba ta ƙara taka ƙofar ba. Bara Alhaji ya cika, aka naɗa ɗansa Sadiq, wanda ya tashi a Kano wurin kawunsa, ya yi aiki a Kaduna, bai dawo unguwar da zama ba sai da rawani ya kira shi.

Talata da hantsi suka isa, ita da Miriam. An gina falon baƙi mai tayil da fanka, da doguwar kujera ga masu jira, shi kuma mai unguwa yana kan wata kujera mai hannu a kusurwar gabas. Dattawa uku na zaune a kan darduma, cikinsu har da Malam Kailani, tsohon tela da ya koya wa Jumai saka zif. Ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, Miriam ta miƙa fom da hannu biyu.

Mai unguwa ya karanta sunan, ya ɗago, sai ya fara yi musu magana da Turanci. Kai jama'a! Jumai ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini da Hausa. Turancina bai wuce na awon kafaɗa ba."

Ya ɗan ji kunya, amma bai sauka ba. "To Madam, abin da nake cewa, Miriam Obadiya ba sunan nan ba ne. Ku je ƙaramar hukumarku ta asali a can kudu, su ne za su ba ku. Ni ba zan sa hannu a kan abin da ban sani ba. Kwanan nan aka dakatar da wani mai unguwa saboda irin wannan."

"Wace kudun, ranka ya daɗe? Ba mu da kowa can. Uban yarinyar nan a unguwar nan aka haife shi, kakanta ma haka."

Ta zaro katin baftismar Obadiya daga jaka, da tsohon hoton Malam Sabo sanye da babbar riga. Ya duba ya mayar mata. Ya ce kati addini yake nunawa ba asali ba, hoto kuwa kowa na iya sa babbar riga. Ta waiwayi Malam Kailani, sai ga tsoho ya duƙufa yana gyaran carbi kamar yau ya fara ganinsa. Ba mugu ba ne Malam Kailani, amma bai saba yin magana kafin mai rawani ya tambaye shi ba, mai rawanin kuma bai tambaya ba.

A daidai nan wata mata ta turo ƙofar baya ta falon da tiren shayi, ƙofar ta tsaya a buɗe. Jumai ta hango tsakar gida, ta hango rijiya. An yi mata sabon murfi na ƙarfe, amma bakinta na nan yadda yake, har da tsagar da guga ya yi wa simintin. Rijiyarta ce, wadda ta ja ruwa a cikinta shekara tara. Ta dubi rijiyar, ta dubi inda take durƙushe, ta dubi kujerar mai unguwa, sai ta gane. Falon nan a kan ɗakinta aka gina shi, kujerar kuma tana daidai ɗan filin bayan ɗaki.

"In na kawo shaida fa?" in ji ta.

"In shaida ce da na yarda da ita, me zai hana?"

"A gaban dattawan nan ka faɗa, ranka ya daɗe. Mu kwana lafiya."

A hanya Miriam ta kasa daurewa. Tana tafe tana share ido da gefen ɗankwali, ta ce, "Mama, Evans mai shagon kwamfuta ya ce in aka rubuta Maryam Ubaidu a sabon fom, aka kai wani mai unguwa da ya sani, yini ɗaya an gama. Ya ce haka ƙanwarsa ta yi."

Jumai ta ja ta tsaya a tsakiyar hanya har wani ɗan acaɓa ya yi mata tsaki ya kauce. "Maryam suna ne mai kyau, Ubaidu ma haka, amma ba naki ba ne. Ubanki Obadiya, kakanki Sabo, kuma da sunansu za ki shiga makarantar nan ta ƙofar gaba. Share fuskarki, mutane na kallo. Gobe Gyallesu za mu."

A Gyallesu Inna Ishatu take zaune wurin jikarta tun da idonta ya yi rauni. Ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin Tudun Wada, Musulmi da Kirista, kafin ita kuma uwarta ce ke yi. Ko da mata suka koma haihuwa a asibiti, ita ake kira ta wanke mabiyiya ta binne a gida, don ba kowa ake yarda ya taɓa ba. Ta haura tamanin da biyar, ta rame ta zama kamar yarinya, amma bakinta na nan da kaifinsa. Suka same ta a kan tabarma tana shan fura da ludayi. Jumai ta yi sallama kawai, ba ta faɗi sunanta ba.

"Jumai ta gidan Sabo," in ji tsohuwa. "Mai taurin kai, wadda ta ƙi yin ihu ranar haihuwa har na ɗauka suma ta yi. Wa kika zo da ita? Matso in taɓa ki." Ta shafa fuskar Miriam, ta kama kunnenta. "Kunnen Obadiya ne wannan. Ke ce kika zo da ƙafa ranar da aka yi ruwan ƙanƙara, kika ba ni wahala."

Jumai ta kwashe labari ta faɗa mata. Inna Ishatu ta ajiye ludayi, ta kece da dariya har tana tari. "Ɗan Surayya matar Nagoda ne ya ce ku baƙi ne? Sadiku? La'ilaha illallahu! Rijiyar na nan?"

"Tana nan, Inna."

"To magana ta ƙare. Ni ba na awo daga ɗaki, don masu gida sukan rushe ɗaki su sāke gini. Daga rijiya nake ƙirga takuna, haka uwata ta koya mini. Ku zo da keke mai ƙafa uku gobe da safe, kuma ki ce wa mai keken ya bi a hankali, ƙashina ba na haya ba ne."

Alhamis da ƙarfe goma keke ya tsaya a ƙofar mai unguwa. Falon ya fi na shekaranjiya cika, don ana sasanta wasu maƙwabta a kan magudanar ruwa. Jumai ta shigo riƙe da hannun tsohuwa, Miriam na biye da sandarta. Dattawa suka yi zumbur suna gaisuwa, "Inna, ke ce da kanki?" Kusan duk wanda ke ɗakin ta san ranar da ya fara kuka. Mai unguwa ma ya miƙe ya rusuna, don ya ji sunanta a bakin mahaifiyarsa, ya ce a ba ta wuri.

"Ban zo zama ba, Sadiku. A kai ni bakin rijiya."

Ba a hana ungozoma shiga gida. Aka buɗe ƙofar baya, matan gida suka leƙo daga ɗakuna. Inna Ishatu ta dafa bakin rijiyar, ta lalubi tsagar nan da yatsa, ta jingina bayanta da ita, ta fuskanci gabas. Ta karɓi sandarta daga hannun Miriam, ta ture hannun Jumai, ta fara takawa tana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku. A na biyar ta tsallake dokin ƙofa ta shigo falo, masu rigimar magudana suka janye ƙafafunsu. Bakwai, takwas. A na tara sandarta ta bugi ƙafar kujerar mai unguwa. Ta sunkuya ta zura sandar ƙarƙashin kujerar, ta ƙwanƙwasa tayil sau uku.

"Nan," ta ce. "Mabiyiya uku ce a binne a nan, jere. Ta farko ta Sabo ce, uwata ta binne, ni na riƙe mata ƙwaryar ruwa ina 'yar shekara bakwai. Ta biyu ta Obadiya, da hannuna, shekarar da aka kawo famfo layin nan. Ta uku ta yarinyar nan. Kowacce na rufe ta da tsingaron tulu kafin in mayar da ƙasa. In kana shakka a kira mai gini ya ɗaga tayil, ni zan zauna in jira."

Mai unguwa ya dubi ƙasan kujerarsa kamar wani abu zai fito. Sai a lokacin Malam Kailani ya yi gyaran murya. "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Nan bayan ɗakin matar Sabo ne, wanda Jumai ta zauna a ciki daga baya. Ni na ɗinka wa Obadiya rigar suna, da ni aka ci tuwon. Shekaranjiya ma ya kamata in faɗa, Allah ya yafe mini." Jumai ta dube shi, ta ji ranta ya yi sanyi da tsohon.

Inna Ishatu ba ta gama ba, don ita in ta fara sai ta kai ƙarshe. "Kai kuwa Sadiku, da kake tura mutane garinsu, ka san inda taka take? Kai ne ɗan fari. Surayya goyon ciki ta tafi gidan iyayenta a Rano, can aka haife ka, can aka binne. Ni barka kawai na je, a bayan a-kori-kura, har na yi amai a hanya. Duk gidan nan ka tona ba za ka sami ko tsingaro ɗaya naka ba. To mu tura ka Rano ka karɓo takarda?"

Wani cikin masu rigimar magudana ya kasa riƙe dariya, ya toshe baki da hula. Daga tsakar gida ma aka ji mata sun fashe. Fuskar mai unguwa ta yi nauyi, amma ya yi ta maza ya ce, "Ai Inna, asali ta wajen uba ake bi."

"Madalla, ɗan albarka. Ta wajen uba na biyo maka. Sabo, Obadiya, Miriam. Ko na tsallake wani?"

Ba ta tsallake kowa ba, shi ma ya sani. A nan ne ya nuna ɗan Alhaji Nagoda ne, don wani da sai ya murje ido ya ce a dawo mako mai zuwa. Ya kama kujerar da hannu biyu, ya ɗaga ta, ya kai ta can jikin taga ya ajiye. Bai zauna ba. A tsaye ya ɗauko takarda mai tambarin unguwa, ya ɗora a kan taga ya rubuta, ya sa hannu, ya hura wa hatimi iska ya buga. Ya miƙa wa Jumai da hannu biyu.

"Maman Miriam, a yi haƙuri. Ban sani ba, kuma ban tambaya ba."

Ta lura ya daina ce mata Madam. Ta karɓa, ta miƙa wa Miriam ta ce ta karanta da ƙarfi kowa ya ji. Miriam ta karanta: Miriam Obadiya Sabo, 'yar asalin wannan unguwa, uba da kaka.

"Na gode, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamani," in ji Jumai. "Amma in gaya maka tun yanzu. Akwai 'yan mata huɗu a layinmu da za su gama sakandare baɗi, ni ke ɗinka musu kaya, na san kawunansu. Duk za su zo maka, kuma Inna ba za ta iya hawa keke sau huɗu ba. Ga Malam Kailani, ga sauran dattawa. A riƙa tambayarsu."

"Za a tambaya," in ji shi.

Inna Ishatu ta laluba ta kamo hannun Miriam. "Ke, an ce aikina za ki koyo a makaranta. Ki je ki koyo na allura da na awo, in kin dawo hutu ki zo Gyallesu da littafi. Rijiyoyin Tudun Wada duk suna kaina, da takun kowane gida, kuma kan nan ya kusa kwanciya. Kada ki yi nawa."

"Zan zo, Inna."

Har sun juya za su fita, Jumai ta tsaya. Wurin da kujerar ta tashi ya bar tayil huɗu da suka fi sauran haske. Shekara goma sha huɗu tana zagaye layin nan don kada ta ga ƙofar gidan, ga shi yau tana tsaye a bayan ɗakinta. Ta tuna Obadiya tsugune a daidai nan da 'yar fartanya yana haƙa wa Inna rami, yana ta murmushi shi kaɗai don an ce masa mace ce. Kewarsa ta taso mata gaba ɗaya, da alfahari, har ta rasa wanne ya fi yawa. Ba ta yi kuka ba, Jumai ce fa. Mai unguwa ya tambaya a hankali ko akwai sauran wani abu.

"Babu, ranka ya daɗe. Riga na bari a kan keken ɗinki."

Kafin azahar suna gaban magatakarda, kafin la'asar indijin na cikin jakar Miriam a naɗe cikin leda. Jumai ta mayar da Inna Gyallesu da kanta, ta haɗa mata da ƙullin goro da turmin atamfa, tsohuwa na faɗa tana cewa ita ba ta zo don a biya ta ba, tana kuma shafa atamfar tana tambayar launinta. Daga nan Jumai ta wuce shago, ta ɗage labule, ta zauna gaban keke. Farar rigar na nan inda ta bar ta, saura kalmasa da aljihun ƙirji.

Maƙwabciyarta Hanifa mai sayar da zare ta leƙo. "Maman Miriam, an dace kuwa?"

"Tun yaushe," in ji Jumai. "Miƙo mini shuɗin zare, mai kauri."

Ta zura zaren a allura, ta shimfiɗa aljihun a kan gwiwarta, ta fara ɗinka sunan da hannu, harafi bayan harafi. Hanifa ta ce ai sunan farko kawai ake sawa, wuri ba zai isa ba. Jumai ta ce zai isa. Ta matse haruffan, ta sa duka ukun.